Mai ƙidayar asarar albasa ya cancanci albashi

A lokacin cirar albasa, titin da ya ratsa Tambuwal ba ya hutawa. Tireloli na tasowa daga Sakkwato su nufi Jega, su bi Koko da Yawuri da Kwantagora, su haye gadar Jebba, wasu sai kasuwar Mile 12 a Legas. Kowace mota na ɗauke da dukiyar miliyoyin naira. Amma ka tambayi mai kayan buhu nawa suka ruɓe masa a tafiyar bara, ko nawa ya tafi tsakanin kuɗin mota da 'yan dako da shingayen hanya da la'adar dillali, mafi yawansu za su ce maka Allah ya rufa asiri. Godiya ga Allah wajibi ce, sai dai ba ta hana mutum sanin inda kuɗinsa ke zurarewa.

A manyan kamfanoni akwai ma'aikacin da wannan ne aikinsa kaɗai, wato mai nazarin safarar kaya. Shi ke bin kaya tun daga inda aka saye su har inda aka sauke, ya san kwana nawa suka yi a sito, wace hanya ce ta fi cin man dizil, wane mai kawo kaya ne ke saɓa alkawari, yaushe ya kamata a saya, yaushe ya kamata a dakata. Kayan aikinsa kwamfuta da manhajar Excel da waya, sai kuma haƙurin tambayar direba abu ɗaya sau da yawa.

Iyaye na tambayata ko wannan aiki yana da ci. Yana da shi, amma a faɗi gaskiya game da inda yake. A yankinmu guraben kaɗan ne: masana'antar siminti ta BUA a Kalambaina, kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, na WACOT a Argungu da aka buɗe a 2017, sai hukumomin da ke rarraba magunguna da abincin agaji. Sauran suna Kano da Abuja da Legas. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun fi biya da tsoka, amma aikin kwantiragi ne, kuma tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025 wannan ƙofa ta tsuke. A kamfani kuwa, farkon shiga ba a ganin kuɗi mai yawa. Sau da yawa da kula da sito ake farawa, ana ƙirga buhu ana rubuta takardar fitar kaya. Abin da ya bambanta shi da aikin ƙaramar hukuma shi ne a nan ana iya auna amfanin mutum da naira. Wanda ya nuna wa kamfani ya rage masa asara, gobe shi ne jami'in sayayya, jibi manajan sufuri, kuma wani kamfanin zai zo zawarcinsa. Mai son takardar ƙwarewa yana da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da aka kafa a 1986, da kuma cibiyar ƙwararrun sayayya da samar da kaya wadda doka ta ba ta hurumi a 2007.

Abin da ya fi damuna ba waɗannan guraben ba ne. Aikin nan yana nan a kasuwanninmu tun tuni, ba a dai biyansa. A kusan kowane babban shago a Tambuwal ko Dogon Daji akwai yaron da ke riƙe da littafi, ya san wanda ya ci bashi, ya san farashin Jega da na Aliero kafin rana ta take, shi ke kiran direba da tsakar dare ya ji ko ya wuce Mokwa. Ladarsa kuɗin abinci da ɗinkin sallah da alkawarin za a sallame shi da jari wata rana. Wannan tsari ya raya mutane da yawa, ban raina shi ba. Amma matashin da ya gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin Umaru Ali Shinkafi, wanda yake karɓar naira 77,000 a wata lokacin bautar ƙasa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 tun Yulin 2024, ba zai zauna a kan alkawari ba. Zai tafi Legas ya yi wa wani lissafin albasar da aka noma a ƙauyensu.

Kuma zamanin da ake fatauci da ƙwaƙwalwa kaɗai ya wuce. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu, tumatir da albasa suka jibge a arewa, farashi ya karye a hannun manomi. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin lodi ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin shekarar aka rufe iyakar Illela da Ƙonni har zuwa Maris 2024. A ɓangaren Kebbe kuma, matsalar tsaro ta sa direba ke fara tambayar lafiyar hanya kafin ya tambayi nawa za a biya shi. A kowanne daga cikin waɗannan, ɗan kasuwar da ya san ainihin kuɗin da buhu ɗaya ya tsaya masa, ya san mako nawa albasarsa za ta jure a rudu kafin ta fara tsiro, shi ne ya iya yanke shawarar ya sayar ko ya jira. Sauran sun bi jita-jitar tasha.

Na san abin da Alhaji zai ce: ba zai buɗe wa ɗan wani sirrin dukiyarsa ba. Tsoron yana da tushe, domin an ga yaran da suka ci amana. Amma littafin da aka tsara, wanda wani zai iya dubawa, ya fi kama ɓarawo fiye da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Shi ne kuma ke sauƙaƙa fitar da zakka daidai, ya hana magada rigima ranar da mai dukiya ya kwanta dama ba wanda ya san ana binsa ko yana bi.

Matasan su ma akwai nasu. Wanda ke ƙyamar warin ruɓaɓɓiyar albasa, ko yake ganin digirinsa ya fi ƙarfin zama a benci da 'yan kamasho, ba zai iya wannan aiki ba ko a Legas ne. Alƙaluman suna bakin direba da ɗan dako, sai an je an karɓo.

Ɗan kasuwa ɗaya ba lallai ya iya ɗaukar albashin mai digiri ba, amma biyar da ke lodi a tasha ɗaya za su iya. Su ɗauki mutum ɗaya na kakar albasa guda, su yanka masa albashin wata wanda bai gaza mafi ƙarancin na ƙasa ba, su rubuta yarjejeniya a gaban shugaban kasuwa cewa yana da kaso a cikin duk asarar da ya rage idan aka gwada da ta bara. In kaka ta ƙare bai fanshi albashinsa ba, su sallame shi.