Ra'ayinmu: Kada A Auna Tarihinmu A Sikelin 'Yan Gwangwan

A gidaje da dama a Kano, Kaduna, Zariya, Katsina har Maraɗi, idan ka leƙa bayan gida za ka tarar da wata tsohuwar mota a yashe. Tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilasanta, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Ranar da magada suka gaji da ganinta sai a kira 'yan gwangwan. Su kuwa ba ruwansu da wanda ya taɓa hawanta: za su farfasa ta, su ɗora a sikeli, su biya kuɗin kilo. Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da ke bin irin waɗannan motoci suna saye, su kwashe watanni ko shekaru suna farfaɗo da su har su koma kamar ranar da suka fito daga kamfani. Wasu na yaba musu, wasu na cewa ɓarnar dukiya ce. Wannan jarida ta ga ya dace ta auna maganar ɓangarorin biyu.

Mu fara da abin da ake farfasawa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar ne kuma Volkswagen ya fara nasa a Legas. Daga baya aka samu Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da ANAMMCO mai harhaɗa Marsandi a Inugu. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar jami'an gwamnati, motar ango, motar haya daga Kano zuwa Maiduguri, kuma ba a daina harhaɗa ta a Najeriya ba sai 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta sallame ta. Yayarta 404, mai giya a jikin sitiyari, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, akori-kurarta kuwa ta yi dakon hatsi a kasuwannin ƙauye har ta gaji. Ga kuma Marsandi 911 mai gajeren hanci da bodin katako, wadda kafintocinmu suka ƙera wa jiki, masu zanenmu suka ƙawata da zaki da dawisu da addu'ar sauka lafiya. Duk wanda ya farfasa ɗaya daga cikin waɗannan, shaidar zamanin da ƙasar nan ke harhaɗa motar hawanta da hannun 'ya'yanta ya farfasa.

Aikin farfaɗo da su kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Sai an kwance motar kaf, an tuɓe kujeru da wayoyi, an sauke inji. Mai gyaran bodi ya kankare fenti, a nan ne asirin shekaru ke tonuwa: inda aka taɓa cike rami da ƙulli aka shafe, inda tsatsa ta cinye ƙasan ƙafar direba har ana hango ƙasa. Sai ya yanke ruɓaɓɓen, ya auna sabon ƙarfe, ya yi walda, ya bubbuga da guduma har layin ya daidaita. Daga nan a shiga farautar kayan gyara, yau Ƙofar Ruwa a Kano, gobe Panteka a Kaduna, ana neman fitila ɗaya ko marfin tanki na asali. Ranar tayar da inji, tsohon bakanike zai sunkuya da sukundireba a kan kafireto, ya karkata kunne, ya ɗan murɗa kaɗan, ya ce, "Maigida, ba wuta ba ce, mai ne ya yi mata yawa." Kafin ya ɗago, karkarwar injin ta lafa. Babu kwamfutar da ta gaya masa haka, kunnensa ne da shekarun da ya yi a gareji.

Wannan ilimi shi ne babbar hujjar masu goyon bayan abin. Motocin yau kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu, a cire abin da ya lalace a sa sabo. Yaron da ya koyi aiki a kan tsohuwar mota kuwa yana ganin yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa, ya san dalilin da ya sa Volkswagen Beetle ba ta da lagireto, tunda iska ce ke sanyaya injinta da ke baya. Mota ɗaya da ake farfaɗowa tana ciyar da bakanike, mai walda, mai fenti, mai haɗa waya da mai ɗinkin kujera. Kanikawan da suka ƙware a kan waɗannan injuna sun manyanta, kuma duk wanda ya kwanta dama da saninsa yake tafiya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai an adana ta tukuna.

Masu suka ma suna da gaskiyarsu, kuma ba za mu raina ta ba. Ta farko ita ce kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, iyalai da yawa sun ajiye motar zuwa aiki, balle ta sha'awa. Tsohon inji yana shan mai, yana hayaƙi, kuma kuɗin gyara kan zarce abin da motar za ta kawo idan aka sa ta a kasuwa. Magidancin da ya bar kuɗin makarantar 'ya'yansa yana bin fitilar Fijo ya yi sake, babu wata ƙaunar tarihi da za ta wanke shi. Ana kuma tsoron abin ya rikiɗe ya zama gasar fariya ta masu hannu da shuni, kamar yadda ake gani a Turai, inda a 2022 aka sayar da wata Marsandi ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135.

Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce rai. An ƙera yawancin waɗannan motoci kafin zuwan jakar iska da birkin zamani mai hana taya kullewa. Robar da ta shekara 40 tana tsagewa, tsohuwar waya tana haddasa gobara, ƙarfen da tsatsa ta ci ba ya kare kowa ranar karo. A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai wanda ya gyara mota tsaf, yana fito da ita ranar Juma'a ko ranar biki, yana tafiya a hankali. Akwai kuma wanda ke lallaɓa kwarababbiyar mota, ƙofa ɗaure da igiya, birki sai an yi ta famfo, ya cika ta da fasinja ya hau babban titi. Na farko adana yake yi. Na biyu kasada yake yi da rayukan bayin Allah, ko da talauci ne ya tura shi, kuma ba mu goyon bayansa.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun yi wannan rarrabewa a dokance. A Jamus, motar da ta kai shekara 30, kuma aka tabbatar tana nan a kan asalinta cikin kyakkyawan yanayi, ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H. A Birtaniya, wadda ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin mota. A Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 da takunkumi ya tilasta wa jama'a riƙewa sun zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau a birnin Havana. Mu ma mun san darajar abin idan muka ga dama: baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, kuma duk wanda ya tsaya gabanta ya ga ramukan harsashi, ya karanci abin da littafi ba zai iya nuna masa ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa motar shugaba kaɗai za a adana, a bar ta manomi da direban haya ta tafi bola?

Ra'ayinmu shi ne, farfaɗo da tsofaffin motoci sha'awa ce mai amfani, ta cancanci a ƙarfafa ta, amma bisa sharuɗɗa uku. Mai yi ya yi da rarar kuɗinsa bayan ya sauke haƙƙin iyali. Ya fara da birki, taya, sitiyari da wayoyi kafin ya kai ga fenti. Kuma kada ya mai da ita motar haya ko ta doguwar tafiyar dare.

Muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ofisoshin rajistar motoci na jihohi su ware rukuni na musamman ga motocin tarihi, da gwajin lafiya mai tsauri da kuɗin rajista mai sauƙi. Gwamnatin Jihar Kaduna, inda Fijo ta zama 'yar gida, ta fi kowa dacewa da buɗe gidan tarihin sufuri, inda za a ajiye 404 da 504 da Marsandi mai bodin katako. Kwalejojin fasaha su ɗauki tsofaffin kanikawa su koyar da ɗalibai tun suna da ƙarfin riƙe sifana.

Kai kuma mai karatu, idan motar mahaifinka na nan a bayan gida, kada ka yi saurin kiran mai sikeli. Ka rufe ta daga ruwa da rana, ka adana takardunta, ka rubuta labarinta daga bakin waɗanda suka hau ta. Idan ba ka da halin gyarawa, ka sayar wa wanda zai gyara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma abin da aka narkar ba ya dawowa.