Waiwaye: Ranar da Aka Tono Bobby Ewing Daga Kabari

Da tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shirin Dallas a 1978, a kan Bobby Ewing da amaryarsa Pamela aka ɗora labarin: ɗan attajiran man fetur na Texas ya auro 'yar gidan Barnes, abokan gabar mahaifinsa. Sai masu kallo suka bar ango da amarya, suka koma wa yayansa J.R., wanda Larry Hagman ya fito a matsayinsa. Maƙetaci ne, manemin mata, yana cin amanarka yana murmushi. Ana tsine masa, amma in ya bayyana ba mai tashi daga gaban talabijin.

Matarsa Sue Ellen ce ta raba kan jama'a. Wasu suka ce baƙin cikin miji ya jefa ta shan giya. Wasu suka ce kwaɗayin dukiya ya zaunar da ita, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai ina bayan na farko, don mai zama da J.R. ko waliyyiya ce sai ta zautu.

A watan Maris na 1980 aka harbi J.R., aka ɓoye maharbin. Wata takwas ana musu, har caca aka yi a kai. Ranar 21 ga Nuwamba kimanin mutum miliyan 83 a Amurka suka zauna, suka ga ashe Kristin ce, ƙanwar Sue Ellen kuma farkar J.R. ɗin.

Inda aka yi ɓatan basira shi ne a 1985. Patrick Duffy, wanda ya fito a matsayin Bobby, ya bar shirin, aka kashe Bobby, aka binne shi. Da masu kallo suka fara raguwa, sai aka lallaso Duffy. A 1986 Pamela ta farka daga barci ta iske Bobby yana wanka, wai mutuwarsa da duk abin da ya biyo baya na shekara guda mafarkinta ne! Mutanen da suka zubar masa da hawaye suka ga an raina musu hankali. Shirin ya kai 1991, amma bai sake shiga sahun goma na farko na shirye-shiryen da aka fi kallo ba.

Marubutanmu na fina-finai masu dogon zango, ku saurari masu kallo, amma in kun kashe jarumi ku bar shi a kabarinsa.