Mun Sare Inuwa, Mun Kafa Tanderu

Akwai wata ƙarya da muka daɗe muna yi wa kanmu a ƙasar Gumel, kuma mu 'yan boko mu ne kan gaba wajen yaɗa ta. Ƙaryar ita ce wai duk abin da aka yi da kwano da siminti ci gaba ne, duk abin da aka yi da zana da kara da itace kuwa tambarin talauci ne. Da ita muka shiga gidajen iyayenmu a Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, muka tumɓuke darbejiyar tsakar gida domin wai saiwarta za ta fasa gini, muka malale ƙasa da siminti, muka zagaye gida da bulo har iska ta rasa hanyar shiga, sannan muka kira mai walda ya kafa rumfar kwano daidai inda bishiyar take. Aka ɗauki hoto, aka tura wa dangi a WhatsApp, aka yi ta sa albarka. Mu muka koma Dutse da Kano da Abuja, muka bar tsofaffi a ciki suna gasuwa.

A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 kusan kullum, inuwa kayan tsira ce, matsayinta ɗaya da ruwan sha. Wanda ya kashe kuɗi ya kafa rumfar da ba ta sanyaya ya yi asara biyu: ya zubar da dukiyarsa, ya kuma cuci wanda ya ce yana so ya kyautata wa.

Abin da kwano ke yi wa mai zama ƙarƙashinsa

Maigatari tana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana takan tsaya cak a tsakar ka, ɗaya a ƙarshen Afrilu, ɗaya a tsakiyar Agusta. Ta Agusta gizagizai da ruwan sama suna rage mata kaifi. Ta Afrilu kuwa tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, sama fayau, ƙasa a bushe. A lokacin, abin da ya fi kowane sashe na gini shan rana shi ne rufi.

Kwano falle ne siriri na ƙarfe, ba ya da kaurin da zai riƙe zafi ya jinkirta shi. Da hantsi ya ɗaga ya ɗauki zafi, da azahar kuwa yakan wuce digiri 60, musamman idan ya yi tsatsa ko ƙura ta dusashe shi. Wannan zafin yana saukowa kai tsaye kan mutum, kamar yadda garwashi ke dukan fuskar mai tsire ko da harshen wuta bai taɓa shi ba. Idan rumfar gajeriya ce, irin wadda mai tsayi zai miƙa hannu ya taɓa, to an ɗora wa mutum kasko ne a ka. Ya tsira daga hasken rana, zafinta kuwa yana nan tare da shi.

Zana aikinta dabam ne. Gambar da ake saƙa ta cike take da iska a tsakanin tsirkiyoyinta, ga kuma ƙananan kafofi da zazzafar iska ke fita ta cikinsu ta yi sama. Bishiya ta fi su duka, domin ganyenta yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi. Hikimar da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma saboda ita ne iyayenmu mata suke yayyafa ruwa a rairayin tsakar gida da la'asar. Da muka shafe rairayin da siminti, sai muka sami daɓen da ke haɗiyar rana tun safe, ya riƙa amayar da ita har tsakar dare, a daidai lokacin da jiki ke neman ya huce.

Wannan magana ta wuce jin daɗi. A farkon Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Masana da suka bi diddigin lamarin sun nuna cewa rashin saukar zafi da dare yana cikin abin da ya tsananta shi. Mu ma nan gida, annobar sanƙarau ta farkon 2023 ta fi ƙamari ne a Jigawa, musamman a Maigatari da Sule Tankarkar. Shawarar da ma'aikatan lafiya kan bayar kowace bazara ita ce a guji cunkoso a ɗaki, a kwana inda iska ke ratsawa. To a ina za a kwana, idan tsakar gidan kanta ta zama tanda?

Katangar da ta toshe numfashin gida

Darni da dangar zana suna tare ido, suna barin iska ta wuce. Katangar bulo tana tare su duka biyun. Masu binciken shingen iska sun daɗe da tabbatar da cewa shinge mai kafofi, wanda ke barin kusan rabin iska ta ratsa, ya fi toshasshen bango kare fili mai nisa, domin iskar da ta bugi bango takan hau ta faɗo a bayansa tana juyi, ta zubar da ƙurarta nan take. Banda wannan, bulon siminti da ke fuskantar yamma yana shan rana daga azahar zuwa magariba, ya zama wani murhun a gefen gida. Sai ka ga gida mai rufin kwano, daɓen siminti da katangar bulo, wuta ta sama, ta ƙasa da ta gefe, maigidan kuma yana mamakin yadda kuɗin man janareta ke cinye masa albashi.

Hujjojin masu kwano

Ba zan ce masu kwano ba su da abin faɗa ba. Suna cewa zana tana cin wuta, gara tana cin dirka, awaki suna cin darni, ɓarawo yana yanka danga da wuƙa, gamba ta yi tsada saboda gonaki sun cinye makiyaya, kuma kowace shekara biyu ko uku sai an sake. Duk gaskiya ne. Wanda ya taɓa ganin gobarar hunturu ta lashe layin rumfuna cikin ɗan lokaci ba zai yi wasa da hujja ta farko ba. Sutura kuma haƙƙin iyali ce, babu mai hankalin da zai ce a buɗe gida ga masu wucewa.

Sai dai kowace daga cikin hujjojin nan tana nuna inda za a gyara ne, babu wadda ta wajabta gajeriyar rumfar kwano tsirara. Maganin gobara shi ne a nisanta madafi daga zana. Maganin gara shi ne dirkar ƙarfe, ko a ɗora ta itace a kan gindin siminti don kada ta taɓa ƙasa. Magabata da kirya da azarar giginya suka yi maganinta. Maganin ɓarawo da idon waje shi ne bulo har tsayin kai, daga nan zuwa sama a sa mai huji. Amma batun tsada, a yi lissafin gaskiya. A haɗa kuɗin zanar shekara goma a gefe guda, a ɗaya gefen a haɗa kuɗin fanka da batir da mai da ƙarin ruwan asibiti. Sannan a tambaya: kuɗin zana aljihun wa yake shiga? Na mai yankan gamba da masaƙinta ne a ƙauyukanmu. Na kwano kuwa motar da ta kawo shi ita ke komawa da shi.

Maƙwabta sun riga mu

Abin takaici, waɗanda muke kwaikwayo sun daɗe da juyowa suna koyon abin da muke zubarwa. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Da kwano ya rufa ta, amma ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya sa rufin tubalin ƙasa a ƙarƙashi, ya bar sarari tsakaninsu iska tana wucewa tana kwashe zafi. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Kamara ta tsara kasuwar da aka kammala a 2018: rumfunan tubalin ƙasa, da laimomin ƙarfe masu launi a tsayi daban-daban kamar rassan itace, an kuma bar tsohuwar bishiyar kasuwar a matsayinta. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya hallaka mutum sama da 1,300, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, abin da kan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5.

Ba ma sai mun je nesa ba. Tsallaken iyakarmu, a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun cika gonakinsu da gawo ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a ƙone shi. Tun daga shekarun 1980 an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, bishiyoyi wajen miliyan 200. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwan sama ba. Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, mun iya taron dashen bishiya da jawabi, amma wanda ya yi jawabin da safe shi ne zai aika a sare tsamiyar ƙofar gidansu da yamma don ya sami wurin ajiye mota.

Abin da ya kamata mu nema

A gida, ƙa'idojin ba su da wuya. Idan za a sa kwano, a ɗaga shi ya kai mita 3 ko fiye, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa da tazarar kamu guda, a shafa wa bayansa farin fenti, a wanke shi bayan ƙurar hunturu. A bar gefuna a buɗe, sai ɓangaren yamma a rataya zana ta tare ranar la'asar. Kada kuma a yi tsayin ya wuce kima ba tare da faɗi ba, don kada a sami inuwar giginya, na nesa ka sha. A ɗaure rufin da kyau kafin iskar farkon damina, wadda ta saba ɗauke kwano ta jefa gidan maƙwabci. A bar rabin tsakar gida rairayi. A dasa darbejiya ko tsamiya nesa da gini da 'yan mitoci, a yi shingen baya da lalle ko zogale ko aguwa, kamar yadda aka gada.

A waje kuwa, maganar ta hukuma ce da masu ba da kwangila. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, tana tara fatake da dillalai da makiyaya daga Nijar da kudancin Najeriya, su wuni tsaye da dabbobinsu a rana. Haka masu jiran mota a tasha, da mata masu goyo a harabar asibiti, da ɗalibai a filin makaranta. Duk sanda za a kafa wa waɗannan mutane rumfa da kuɗin jama'a, ya kamata takardar kwangila ta faɗi tsayinta, da abin da za a sa ƙarƙashin kwanon, da yawan bishiyoyin da za a dasa, da wanda zai shayar da su har su kama. Kada a biya ɗan kwangila sai an auna zafin ƙarƙashinta da azahar. Ma'aunin zafi bai kai kuɗin falle guda na kwano ba.

Injiniyoyi da likitoci da malamai da ma'aikatan banki da ke karanta wannan, ku ne masu aika kuɗin gini gida, ku ne ake kira a waya a tambaya yadda za a yi. Abin da kuka gina shi maƙwabci zai kwaikwaya, domin a ganinsa mai ilimi ba ya kuskure. Kafin ku amince da zanen da birkila ko mai walda ya turo muku, ku tambaye shi abu guda: da ƙarfe biyu na ranar Afrilu, shi da kansa zai yarda ya shimfiɗa tabarma a wurin ya kwanta? In ya yi shiru, ku riƙe kuɗinku, ku aika a nemo masaƙin zana, ku kuma ce kada kowa ya taɓa bishiyar.