Masu koyar da foka a bidiyo suna cutar ku da ƙananan tagwaye

Jama'a, wannan karatun da ake yaɗawa cewa duk wanda aka raba wa tagwayen kati a foka, ko da biyu-biyu ne ko uku-uku, wai ya shiga kawai, ƙarya ce tsagwaronta. Hukuncin caca malamai sun gama faɗa, ni lissafi na zo yi da masu cewa "ai ilimi ne".

Tagwayen nan ba su da ƙarfi sai na ukunsu ya fito cikin katuna uku na farko da ake bajewa a tebur. Sau nawa yake fitowa? Kusan kashi 12 cikin 100. Wato kafin ka dace sau ɗaya, ka yi asara sau bakwai da rabi.

Masu bidiyon nan wasan gasar Las Vegas suke nuna muku, wanda ba shi da iyakar zubi, irin wanda Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a 2003. A can, ranar da ka dace kana iya kwashe duk abin da ke gaban abokin karawarka. To a teburin da aka ƙayyade zubi fa? Ɗauki na dala 2 da 4. Wani ya ƙara, ka biya 4 don ka ga katunan. Asara bakwai da rabi, dala 30 ke nan ta tafi. Ranar sa'arka kuma mutum ɗaya ne a gabanka: 4 ɗinsa ta farko, sai 2, sai 4, sai 4. Dala 14. Ko ka samu ka ƙara masa sau ɗaya, da ƙyar ka haura 20, kuma mai gidan caca bai cire la'adarsa ba tukuna. Ina ribar take, don Allah?

Na san wani zai ce ai tagwaye kan ci ko na ukun bai zo ba. Haka ne, kusan rabi da rabi ne da mai manyan katuna biyu. Amma kowane zagaye biya kake a makance, duk katin da ya faɗo ya girmi naka.

Wurin da lissafin ke ɗan tsayawa guda ne: kana cikin na ƙarshe a layi, mutum huɗu ko biyar sun riga sun zuba, ba wanda ya ƙara. Wannan sharaɗin ne ba sa faɗa a bidiyo, don ba ya kawo masu kallo. Mai musu ya kawo nasa lissafin a ƙasa, da lambobi.