Daga Bakin Gada: Kafin Ka Yarda a Sauke Maka Giyar Mota

Wannan makon na ajiye maganar farashin albasa, ko da yake albasar ce ta jawo abin da zan faɗa. Labarin tsohuwar Camry ɗina ne, ƙirar 1999, wadda 'yan Najeriya ke ce wa "fensir" saboda siririyar fitilarta ta baya, da yadda na kusa cinye adashin uwargida saboda ita.

Motar otomatik ce. A Kwatano na saye ta, na tuƙo ta da kaina sama da kilomita 700, ta Faraku da Kandi har nan Malanbil, kuma shekaru ta yi ba ta taɓa kunyata ni ba. To amma tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kowa ya san yadda harka ta juya. Kaya suka koma kwale-kwale, motata ta koma jaki. Daga kasuwa zuwa bakin kogi, daga bakin kogi zuwa kasuwa, but cike, kujerar baya cike, tafiyar hawainiya cikin rairayi da cunkoso, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Ranar da ta samu sarari kuma sai Kandi.

Sai ta fara magana. Da safe in na sa ta a D, sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, can sai ka ji "gaf!" ta zabura. A hanya, tsakanin giya ta biyu da ta uku, inji ya yi ta kururuwa mota ba ta ƙara gudu, kafin ta kama. In da kaya kuma, kan hanyar Kandi, ta shiga ta huɗu ta fita, ta shiga ta fita, kamar mai neman abin da ya ɓatar.

Makanikin da na fara kai wa ko murfin gaba bai buɗe ba. Zagaye ɗaya muka yi ya ce, "Alhaji, buwat ɗin nan ta mutu. Ko a sauko maka da wata daga Kwatano, ko mu mayar maka da ita ta hannu." Ya faɗi kuɗi, na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Da na faɗa a gida, uwargida ta yi shiru, sannan ta ce, "Alhaji, ƙarshen wata ni ce da ɗaukar adashi. Ka karɓa, tunda da motar muke ci." Kuɗin nan kuwa na kayan ɗakin 'yarmu ne da za a aurar bayan Sallah. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Wani maƙwabcina a layin 'yan hatsi ne ya ce in je wurin wani dattijo, Badande, da ya daɗe yana gyaran mota a Faraku kafin ya dawo gida. Baba ya sa na zagaya da motar har ta yi zafi, ya tsayar da ita wuri mai daidai, inji na aiki, ya bi da sandar giya kan kowane harafi, ya mayar P, sannan ya zaro sandar awon man giya. Ya goga a farin tsumma ya miƙo mini ga hanci.

"Alhaji, yaushe rabonka da vidanjin wannan?"

Na ce, "Baba, duk wata biyu nake juye baƙin mai."

Ya ce, "Ba na inji na tambaye ka ba."

Gaskiya tun da na sayi motar ban taɓa sanin akwai wani mai da ake juyewa a giya ba. Sabon man ja ne garau kamar zoɓo. Nawa ya koma kalar shayin da ya kwana, ga shi bai kai ma alamar da ake so ba, don wani tiyo na ɗiga a hankali ban lura ba. Baba ya ce giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki: man ne ke danna faifan kuloci na ciki su kama, shi ne kuma ke kwashe zafi. In ya yi kaɗan ko ya tsufa, kamawar sai ta makara, faifan su riƙa zamewa, zamewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara kashe man.

Ya kwance kwanon ƙasan giyar. Akwai maganaɗisu a ciki, an sa shi don ya riƙe garin ƙarfe. Nawa baƙin laka ne mai laushi a jiki, babu ɓarɓashi mai kaifi. Baba ya ce, "Ka gode wa Allah. Da na ga guntayen ƙarfe, ko mai baƙi ƙirin yana warin ƙuna, da na ce ka je ka nemo kuɗi, don sabon mai ba ya tayar da faifan da ya riga ya ƙone." Ya wanke kwano, ya sauya rariyar mai, ya gyara tiyo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan man da ya fita. Lita 2.5 ne kawai, alhali giyar na ɗaukar sama da lita 5. Sauran yana maƙale cikin wani tulun ƙarfe mai kama da kabewa da ke tsakanin inji da giya, ba ya fita ta ƙasa. Don haka juyi ɗaya rabin aiki ne. Sau uku muka yi, kowane bayan na yi tafiyar mako guda, sannan man ya dawo ja. Na tambaye shi me ya hana a tura shi da inji a wanke gaba ɗaya a huta. Ya ce tsohuwar giyar da ba a taɓa taɓawa ba, in ka tayar da dattin shekaru lokaci ɗaya, ƙananan hanyoyin mai zai je ya toshe. A irin wannan Camry ɗin ma akwai wani ɗaki daban na difaranshal, da nasa mai lita 1.6, wanda sandar awo ba ta nunawa, yawancin masu ita ba su san da shi ba. Shi ma muka juye.

A nan ina roƙon 'yan uwa: ba kowane jan mai ne naku ba. Tawa Dexron III take sha. Toyota na farkon shekarun 2000 da yawa T-IV ne, na bayansu WS. Honda tana da nata, Z1 da kuma DW-1 da ya gaje shi, kuma ita inji a kashe ake awonta bayan ta yi zafi, saɓanin Toyota. Sau da yawa sunan man na rubuce jikin sandar awon, karantawa ce ba ma yi. Ku sayi galan mai hatimi, a buɗe a gabanku. Wanda kuma ya ce zai zuba muku lamba 90 "don ta yi kauri", ko ya ɗiga man birki "don robobi su kumbura", ku karɓi makullinku ku tafi.

Bayan mai, Baba ya duba wata waya da ta taso daga totur ta gangara cikin giya. Ita ke gaya wa giyar yadda ka taka, ta ƙara ƙarfin mai daidai da haka. Tawa ta saki, shi ya sa canjin ke zuwa a sanyaye. Sifana biyu ya ɗauka, minti biyar bai cika ba. Sannan ya tambaya ko an taɓa cire mini tamostat. An cire, tun a Kwatano, wai ƙasarmu da zafi. Ya ce kwamfutar motar ba ta barin giya ta huɗu ta shiga sai ruwan inji ya ɗumama, shi ya sa da sanyin hunturu nake jin ta ƙi sakin jiki har in yi nisa. Muka mayar da sabo, ya wanke lagireto, tunda man giyar ma ta cikinsa yake bi ya huce. Ya ce ranar da na ga man ya koma kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, lagireton ya fashe ta ciki, ruwa ya shiga, kada in ƙara ko taku ɗaya.

Masu Peugeot 406 da 307 otomatik, naku daban ne. Giyar AL4 da ke cikin da yawa daga cikinsu ta yi suna wajen bugawa ta maƙale a ta uku, kuma galibi wasu ƙananan bawul ne na lantarki, da makanikai a nan ke kira elektroban. Ku sa a jona na'ura a karanta laifin kafin a sauke komai.

Sauran laifin kuwa nawa ne, Baba bai ɓoye mini ba. Ya ga na sa R mota ba ta gama tsayawa ba, ya ce, "Alhaji, haka kake yi mata kullum?" Akwai kuma ɗan maɓalli jikin sandar giya, O/D, da na yi shekaru ina zaton ado ne. In da kaya mai nauyi kuma ta fara shiga da fita, ka danna shi ta zauna a ta uku. Za ta ɗan ƙara shan mai, amma ta huta da kai-komon da ke dafa ta. Buhunan da nake lodawa ma ya ce in rage biyu, in yi sawu biyu in ya kama. Wannan ce kaɗai har yau muke ja da shi.

Ba zan ce ta koma sabuwa ba. Da safe har yanzu tana ɗan jinkiri kafin ta kama, kuma Baba ya ce in fara tara wani abu a gefe, don wata rana sai an buɗe ta. Amma kururuwar ta tafi, bugun ya tafi, kuma duk abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka fara yanka mini ba. Uwargida ta ɗauki adashinta, gado da katifa suna ɗaki an lulluɓe su da leda. Ni kuma duk ranar Juma'a in na dawo daga kasuwa, kafin in kashe inji, sai na zaro sandar nan na goga a farin tsumma.