Shin Gani Ya Kori Ji a Watan Taitan?

Hausawa kan ce gani ya kori ji, wato shaidar ido ta fi ƙarfin labarin da aka tsinta a bakin wani. To amma akwai wurin da wannan karin magana ke buƙatar a yi mata gyaran fuska, kuma wurin shi ne Taitan, mafi girma daga cikin watannin da ke kewaya duniyar Zuhal.

Wani hazo mai kauri, ruwan goro, ya lulluɓe wannan wata, ta yadda kyamara ba ta iya hango doronsa daga sama. Saboda haka ne kumbon Kasini, wanda aka harba a shekarar 1997 ya kuma isa Zuhal a 2004, ya tafi da na'urar rada. Ita wannan na'ura tana aika igiyoyin rediyo ne su ratsa hazon, su bugi ƙasa, su dawo. Wuri mai kaushi yakan maido da su da ƙarfi, sai ya fito fari a hoton. Wuri mai santsi kuwa yakan karkatar da su, sai ya fito baƙi. Ashe ke nan abin da ake kira hoton rada amsa-kuwwa ce aka mayar zane. Ya fi kusa da ji bisa ga gani.

A watan Oktoba na 2004 na'urar ta nuno wani kewayayyen wuri mai faɗin kimanin kilomita 180, wanda aka sa wa suna Ganesa Macula. Masana da dama suka ɗauke shi a matsayin tudun da aman cikin ƙasa ya gina. Sai dai aman da ake nufi a nan ba na wuta ba ne. Sanyin doron Taitan ya kai kimanin digiri 179 ƙasa da sifiri, sanyin da ke mayar da ƙanƙara tamkar fa. Idan akwai abin da zai kwararo daga ciki, to ruwa ne mai kauri, watakila gauraye da sinadarin amoniya, ya malala sannan ya daskare. (Ko sunan ma sai an yi hattara, domin “dutse mai aman wuta” bai dace da abin da babu wuta a cikinsa ba. “Dutse mai aman ƙanƙara” ya fi kusa.)

Zaton yana da dalili mai ƙarfi. Akwai iskar mitan a sararin Taitan, kuma hasken rana yana lalata ta cikin miliyoyin shekaru, lokacin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da shekarun watan. Tunda har yanzu tana nan, mai yiwuwa wani abu ne ke fito da sabuwa daga ciki. Duwatsun aman ƙanƙara za su warware wannan matsala cikin sauƙi, kuma a nan haɗarin yake: mai neman abu ido rufe, ko inuwarsa ya hanga sai ya ce shi ne.

Da kumbon ya sake bi ta kan Ganesa aka auna tsawon wurin, sai aka tarar babu tudun da aka zata. Masanan suka janye maganarsu. Wasu za su ce an kunyata, an kashe dukiya a kan shaci-faɗi. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Na'urar da ta jawo zaton ita ce ta rushe shi, kuma waɗanda suka yi zaton suna cikin waɗanda suka bayyana rushewarsa. Abin kunya shi ne a ce an bar Ganesa a littattafan makaranta a matsayin tabbataccen dutse.

Wurin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne wanda aka sanar a watan Disamba na 2010. An haɗa hotunan rada biyu da aka ɗauka daga kusurwoyi dabam-dabam, aka fitar da tudu da kwari. Sai ga tsauni mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, Doom Mons, a gefensa kuma ga wani rami, Sotra Patera, mai zurfin da ya zarce haka, da alamun malala a kewayensu. Duk da haka, a 2011 Jeffrey Moore da Robert Pappalardo sun kafa hujjar cewa ruwan sama na mitan, da iska, da faɗowar duwatsun sama sun isa su bayyana akasarin siffofin Taitan. Har Kasini ya kammala aikinsa a watan Satumba na 2017, bayan ya gitta ta kusa da Taitan sau 127, bai kama wani dutse yana cikin amai ta yadda kowa zai gamsu ba.

Saboda haka, malamin da ya sami kansa yana bayyana wannan batu a aji, ko yana fassara shi zuwa Hausa, bai kamata ya zubar da kalmomin “mai yiwuwa” da “ana zaton” don jimla ta yi daɗi ba. Masanan sun sa su ne da gangan, kuma fassarar da ta cire su ta faɗi abin da ba su faɗa ba. Hukumar NASA ta tsara harba wani jirgi mai farfela, Dragonfly, a 2028, ya sauka a Taitan a 2034. Sai dai an nufe shi ne da yankin tuddan rairayi da ramin Selk, ba Sotra ba.