Ɓargon shanu: ko binciken zai kai ga rugagen Bodinga da Shagari?

Masana kiwon lafiyar dabbobi kan ciro ɓargo daga ƙashin saniya, su raini ƙwayoyin halittar da ke cikinsa a ɗakin bincike, har su rikiɗe su zama ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Aikin kan ɗauki kimanin mako guda, a cikin wata na'ura mai riƙe ɗumi daidai da na jiki.

Dalilin wannan wahala shi ne, ƙwayar cutar tarin fuka ta shanu a cikin waɗannan ƙwayoyin garkuwa take ɓuya. Idan aka raine su, sai a zuba masu cutar a ga yadda za su kaya, ba tare da an harbi dabba mai rai ba. Cutar kuwa tana kama mutane ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba, don haka batun ya shafi makiyayan Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato, da masu sayen nononsu.

An taɓa cin moriyar irin wannan aiki. A cikin ƙwayoyin halittar ƙodar maraƙi ne Walter Plowright, ɗan Ingila, ya samar da rigakafin ciwon bushiya, wanda ya yi mummunar ɓarna a Najeriya a 1983, kafin a bayyana kawar da shi daga duniya a 2011.

To amma inda gizo ke saƙa shi ne, galibin binciken ana yinsa ne da shanun Turawa irin su Holstein, alhali nazari a ƙasar Habasha ya nuna cewa tarin fuka ya fi tsananta a jikinsu fiye da shanu masu tozo. Ke nan abin da aka gano a kansu ba lallai ne ya dace da Bokolo, wato Gudalin Sakkwato, ba.

Ɓargo dai ba ya wuyar samu, domin kullum ana yanka a mayankar Sakkwato, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da cibiyar bincike ta Vom wadda ke aiki tun 1924. Abin da ke da wuya shi ne sinadaran rainon, waɗanda ake sayowa daga waje da kuɗin ƙetare, da kuma lantarkin da zai yi mako bai ɗauke ba.